Alhaji Sikeli Mai Auna Zaman Tare

Idan ana lissafin gwanayen zama da jama'a a ƙasar Funtuwa, duk wanda bai fara da Alhaji Awaisu ba ya ci amanar tarihi. Shi da kansa ya sha faɗin haka, kuma mai satifiket ba ya ƙarya. Alhaji Awaisu shi ne jami'in kula da ma'aikata a kamfanin iri na Albarkar Damina, kan hanyar Bakori. Mutum ne da ya ga duniya. Ya taɓa ƙetare iyaka har Maraɗi, ya kwana biyu, ya dawo yana ba da labarin yadda ya yi fama da baƙin mutane masu baƙuwar al'ada, waɗanda cikin ikon Allah duk suka iya Hausa.

Ilimin nasa ya cika ya tumbatsa ne bara, da kamfanin ya tura shi bitar kwana huɗu a Abuja kan fahimtar al'adun juna a wurin aiki. Ya tafi yana Alhaji Awaisu, ya dawo yana Gadar Al'adu. Haka ya sa aka rubuta a ƙofar ofishinsa. Katin shaidar da aka rataya masa a wuya wurin bitar kuwa har yau bai cire ba, ko ɗaurin aure zai je yana reto a kan babbar riga. Leburori masu ɗaukar buhu, da ba su san darajar ilimi ba, suka ga kullum maganarsa awo ce, sai suka raɗa masa Alhaji Sikeli. Da sunan ya kai kunnensa ya ji daɗi. Ya ce ai sikeli ba ya son zuciya.

Wata Litinin, gab da faɗuwar damina, ya tara ma'aikata a rumfar da ake tantance iri. Ya gyara murya, ya gyara kati.

"Jama'a, na dubi kamfanin nan da idon bincike, na ga a kan ƙaya muke zaune. Ga Musulmi, ga Kirista, ga Bafillace, ga mutumin Kudu, kowa yana gaida kowa ba bisa ƙa'ida ba. Kun daɗe kuna zaman lafiya cikin jahilci. Daga yau a ilmance za a yi shi. Abin da ba a auna ba, babu shi."

Ya ɗaga wani fom mai tambaya arba'in, maki ɗari. Duk wanda ya kasa kai hamsin ba zai ƙara fita ƙauye da sunan kamfani ba, kuma bayan kaka za a duba ko akwai sauran amfaninsa. 

Wanda aka fara ɗorawa kan sikeli shi ne Saviour, bakaniken kamfanin. Kakansa ne ya zo daga Gabas zamanin jirgin ƙasa, shi kuwa a Funtuwa aka yanke masa cibi. Alhaji ya tarbe shi da Turanci mai kauri, yana yi a hankali yana haɗawa da hannu, don kada baƙo ya takura. Saviour ya yi haƙuri har ya gaji, ya ce, "Ranka ya daɗe, mu yi ta da Hausa, rana na yi, kuma kowa ya daɗe zai ga daɗau." Alhaji ya rubuta: ya fara koyon harshen gari, yana buƙatar ƙarfafawa. Maki arba'in.

Sai Matta, malamin gona ɗan Dayi. Shekara goma sha tara yana yawon ƙauyuka a kan babur. Yana jin Fillanci. Duk Lahadi yana coci, amma ya fi agogo sanin lokacin azahar, don bai taɓa sa taron manoma ya ci sallar kowa ba. A bayan babur ɗinsa ma akwai buta, ta abokan tafiya. Alhaji ya karanto masa tambaya ta farko: ya jero matakai shida na shiga baƙuwar al'ada, bi da bi.

Matta ya sosa ƙeya. "Alhaji, ni dai in na shiga gari, maigari nake fara gaidawa. In an ba ni ruwa in sha."

"Wannan ba mataki ba ne, ɗabi'a ce kawai."

Maki goma sha ɗaya. Alhaji ya karɓe makullin babur ɗin kamfani, ya mai da Matta sito yana liƙa takarda a buhuna. Ya tausaya masa ƙwarai, amma gaskiya ɗaci gare ta.

Daga awo sai horo. Alhaji ya lura cewa da rana ma'aikata kan zauna gindin darbejiya su haɗa kwanuka, dambun wannan da wainar wancan, hannu goma cikin kwano ɗaya. Ya ga wannan cakuɗeɗeniya ce marar tsari. Sai ya kafa Larabar Musayar Akushi. Ya zana jadawali, ya raba mutane gida biyu, Musulmi dama, Kirista hagu, kowa da kwanonsa. Idan ya hura usur, kowa ya taso ya gabatar da kansa ga na ɗaya ɓangaren, ya bayyana tarihin abincinsa cikin minti biyu. Haka Hansai mai tantance iri ta tsaya tana gaya wa Matta sunanta, mutumin da ita ta yi wa matarsa wankan jego har sau uku. Kafin a gama bayani tuwo ya huce. Alhaji ya rubuta a rahoto cewa a karon farko cikin tarihin kamfanin, ɓangarorin biyu sun ci abinci tare.

Ruwan farko ya sauka, iri yana jibge a sito, manoman wani ƙauye bayan Bakori ba a rubuta sunayensu ba. Aikin Matta ne, amma mai maki goma sha ɗaya ba ya wakiltar kamfani. Alhaji ya ce zai je da kansa, a ga yadda ake yi.

Ya zaɓi ranar kasuwar Bakori, ranar da rabin garin ba ya nan. Ya sauka daga mota da majigi da janareta, ya tarar da maigari zaune da dattawa huɗu a ƙofar gida. Ya hau tabarma da takalmi, ya miƙa wa maigari hannu daga tsaye, ya bi shi da katin ofis. Aka kawo fura, ya ce ya gode, yana da ruwan roba. Ya yi jawabin awa guda kan muhimmancin sauraro, bai bar kowa ya ce uffan ba. Ardon rugar da ke gefen gari yana wurin. Don ya nuna masa kulawa ta musamman, Alhaji ya zaro biro ya ce, "Ardo, shanunka guda nawa ne? Faɗi da ƙarfi a rubuta." Ardo ya miƙe, ya karkaɗe riga, ya tuna yana da uzuri.

Bai manta da unguwar Kirista ba, adalci ya hana. Ya iske wata dattijuwa da ake kira Tsohuwa tana sussukar gero a ƙofar gida. Ya ɗaga hannu biyu ya ce, "Mama, barka da Kirsimeti!"

Tsohuwa ta dubi hadarin da ke haɗowa gabas, ta dube shi. "Allah ya kai mu, ɗan nan. Mu dai yanzu shuka muke jira."

Ya koma Funtuwa ba sunan manomi ko ɗaya a takarda. Ya ba ƙauyen gaba ɗaya maki takwas.

Ranar Asabar da safe Matta ya ari babur ɗin ƙanensa, ya sayi goro, ya nufi ƙauyen. Ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa gaban maigari, ya sha fura har ya nemi ƙari. Ya bi Ardo ruga suka gaisa da Fillanci, aka tambayi lafiyar yara da ta makiyaya, ba a ambaci lissafi ba. Da maganar baƙon ranar kasuwa ta taso, Matta ya ce, "A yi masa haƙuri, ranka ya daɗe. Karatu ne ya yi masa yawa." Ranar Litinin a-kori-kura biyu suka zo ɗaukar iri. Alhaji ya tsaya a baranda yana kallo, ƙirji a buɗe. Ya ce wa sakatariyarsa Suwaiba ta rubuta: sakamakon ziyarar wayar da kai.

Ba a yi sati uku ba wasiƙa ta zo daga hedikwata. Za a turo ƙwararre ya duba shirin, Dakta R. Bature. Alhaji ya karanta sau uku, ya miƙe tsaye.

"Bature! Labarina ya kai Turai!"

Suwaiba ta ce, "Alhaji, ai Bature suna ne, ko a Malumfashi akwai..."

"Suwaiba, ke da kika ci talatin da biyu za ki koya mini?"

Aka yi fenti. Aka sayo cokula masu yatsu. Aka hana Hansai kawo daddawa har sai baƙo ya tafi. Ranar da aka sa, mota ta tsaya, wata mace baƙa ta fito cikin atamfa da gyale. Da wani ƙaramin malami ne, da ya ruɗe. Alhaji kuwa nan take ya gano bakin zaren: baƙar fatar Amurka ce, ta yi shigar gida don girmama mu. Ya ƙara mata maki a zuci.

Ya hau mumbari ya saki Turanci. Ya bayyana mata abin da ake kira tuwo, da yadda ake lanƙwasa loma. Ya bayyana mata zaure. Ya gargaɗe ta kan yaji. Sannan ya zo kan abin da ya fi ƙwarewa.

"Madam, ni ba a takarda kaɗai nake wannan aiki ba. A gidana ma, katanga ɗaya muke da wani Kirista, shekara ashirin da biyu. Na san shi kamar yunwar cikina. Amini ne, ɗan'uwa ne. A kansa na fara bincikena."

Baƙuwa ta saurara har ƙarshe tana murmushi. Da aka ba ta lasifika, sai ta ɗan rusuna.

"Baba Alhaji, ina wuni. Yaya su Hajiya Ummi? Ni ce Rahab, 'yar maƙwabcin naka. Ni nake shigo muku da shinkafar Kirsimeti, in dawo mana da naman layya. Hajiya ce ma ta yi mini kitso ranar da zan tafi jami'a. Bature sunan maigidana ne, mutumin Malumfashi."

Wani lebura ya yi tari mai kama da dariya, tarin ya kama rumfa duka.

Dakta Rahab ta ci gaba cikin ladabi. Ta ce abin da ya kawo ta, manoman bayan Bakori ne suka aika hedikwata da saƙo, suna roƙon a riƙa turo musu mai gaisuwa, a riƙe mai majigi. Don haka a mayar wa Malam Matta makullinsa yau, kuma duk sabon ma'aikaci zai yi wata guda a bayan babur ɗinsa kafin ya fita shi kaɗai. Fom ɗin kuma za ta tafi da shi ta nazarta. Hansai ta rangaɗa guɗa, ba usur ba jadawali.

Namiji ba ya faɗuwa gaba ɗaya. Alhaji ya raka ta har mota, jama'a na biye, yana dariya da ƙarfi don a san tun farko ya gane ta, gwada ta kawai yake yi. Ya riƙe murfin mota ya ɗaga murya.

"'Yata ce wannan, a gabana ta girma! In kin isa gida ki gaida mini aminina, Malam... Malam..."

Ya dubi sama. Ya dubi takalminsa. Ya shafa katin wuyansa, sunan ba ya ciki.

"Malam..."

Leburori, da Hansai, da Saviour, har da Bafillacen da ke gadin ƙofa, suka haɗa baki kamar masu amsa karatu:

"Yunis!"

Alhaji Sikeli ya gyaɗa kai cikin ƙasaita, ya juya ga Suwaiba. "Rubuta. Wannan tambayar kowa ya ci."

Suwaiba ta ɗora biro a kan takarda. "Kowa da kowa, Alhaji, ko a cire mutum ɗaya?"