Rigar Abarci Ta Yi wa Ɗansa Kaɗan

Saura kwana biyu Hama ya tafi Kornaka gaida surukai, ba shi da rigar kirki. Kakarsa Uwale ta buɗe adudu, ta aika masa da farar rigar mahaifinsa Abarci, wadda take ajiye da ita tun shekarar da ya rasu. Da safe sai ga Hama sanye da ita, rigar ta kama shi a kafaɗa.

"Ina gajiya, matata?"

"Gajiya tana wurin tukunyar da ta ciyar da kai. Juya in gani. Riga ce wannan ko salka aka cika?"

"Rigar ce ta rame. Shekara ashirin tana zaune da marowaciya."

"Mai rigar har iska take shiga masa. Kai kuwa rumbu ne aka yi wa ƙafa."

"Laifin furarki ne. Abin da aka shuka shi ke tsirowa. Maɗinki ya ce a warware gefe da gefe, a ƙara ƙyallen farar saƙa, ƙwarya biyu-biyu, ta buɗe."

Uwale ta shafa wuyan rigar.

"Ni na kaɗa zarenta. Allura ba ta taɓa ta ba tun ranar da ya tuɓe ta."

"To, in je musu haka, hannuwa a buɗe kamar ungulu tana shan hantsi. Su ce ga jikan Uwale."

"Su ce jikan wata dai."

"Kaka, in ba ki so, ba mai taɓa ta. Sai in ara."

Ta shiga ɗaki, ta fito da farar saƙa a naɗe. Hama ya san ta, ita ce wadda ta tanada don likkafaninta.

"Wannan ai ta tafiyarki ce."

"An auna ta ina da jiki. Yanzu na bushe kamar karan gero, kai kana ta faɗi. A cire huɗu. Kayan aro ba ya rufe katara, balle taka."

"Ranar kuma in ƙafarki ta leƙo waje fa?"

"Sai in shure ka da ita."

Dariya ta ƙwace mata, ta tura masa saƙar a ƙirji.

"Tafi, mijin banza. Ka ce wa maɗinki ya bar wuyan yadda yake."