Rasuwar Kwamfutar Shago a Hannun Surukina

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ɗan guntun haƙurin da ya rage mini, nake sanar da 'yan'uwa da abokan ciniki rasuwar kwamfutar teburin shagona, wadda ta daɗe tana buga muku katin gayyata.

Marigayiya mai wadatar zuci ce. Da safe ta ce "ƙit" sau ɗaya, fankarta ta ɗauki "fuuu", ta kama aiki.

Ajalinta ya faro daga yarjejeniyar da muka yi da mijin 'yata, wanda ke zaune a ɗakunan bayan gidana. Ya ce zai sabunta mata manhajar buga kati. Muka shirya: in ta yi kyau, makullin shago nasa ne, in ta lalace, ya bar mini gida. Sharaɗina ɗaya, manhajar nan kaɗai za a taɓa.

Baiwar Allah ta yi iya ƙoƙarinta. Ta jero masa sauran manhajojin da za su biyo waccan, na dole da waɗanda rakiya kawai suka yo, ta tambaya ko a shigo da su duka. Bai karanta ba, ya danna amincewa. Ban yi mamaki ba. Shi ma shi kaɗai na ba wa 'yata, ya shigo da ƙannensa, da kawunsa mai tari, da wani da har yau ba a gaya mini dangantakarsu ba.

'Yan rakiya suka cika mata ciki, suka kori tsofaffin da firinta ta saba da su. Ta yi ta nishi, fuskarta ta yi baƙi, ta ce "ƙit, ƙit, ƙit", shi ke nan. Mai gyara ya duba, ya ce za ta iya tashi. Na ce a bar ta ta huta.

Ta rasu ta bar mu biyu: ni, da firinta, wadda ta daina gane kowa.

Jana'iza gobe da hantsi. Surukina zai ɗauke ta a ka zuwa wurin 'yan gwangwan masu sayen tsofaffin ƙarafa, danginsa na biye da katifunsu, kuma an yafe musu dawowa zaman makoki. 'Yata na iya zama in ta ga dama.

Ni na yi asarar kwamfuta, na samu ɗakunana. Shi ya rasa makulli, ya rasa wurin kwana, amma 'yan rakiyarsa na nan cif, ko ɗaya bai ɓace masa ba.