Ranar da Inusa Ya Gasa Gitar Mushe

"Matar Yaya, ni fa kiɗa a jinina yake. In na ɗora yatsa kan gita, ƴan ƙauyen Dawce ma sai sun jefar da hauya sun taho Matameye a guje."

Ƙanin maigidana ke nan, Inusa tela, wanda in ya ɗinka maka wando sai ƙafa ɗaya ta girmi ɗaya. Ni dai na ce masa, "To, Sarkin Baki, Allah ya nuna mana." Mai karatu, ka sani cewa bawan Allahn nan bai taɓa riƙe gita ba. A waya yake kallon masu kiɗa, yana kaɗa tsintsiya a shago.

Gita ɗaya ce tal a unguwarmu, ta Mushe Idrisa, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko; Mushe muke ce wa malamanta a nan. Tun da ya aje aiki, in ya sallame la'asar sai ya zauna gindin itacen bedi yana taɓa ta a hankali, ina ji ta bayan katanga ina tsintar shinkafa. Ya taɓa ce mini, "Hadiza, ba don kowa nake yi ba. Hayaniyar aji ta shekara talatin ce nake fitarwa daga kaina." Yadda yake goge ta da ƙyalle, sai ka ce jaririya.

Da Sadiyya, matar Inusa, ta haihu, sai gogan naka ya shelanta cewa ba a bukatar makaɗa ranar suna, shi zai yi. Kwana uku yana zarya gidan Mushe kafin dattijon ya ba shi aro.

"Ɗana, kada ka murɗa kunnuwan nan. Kuma kada ruwa ya taɓa ta."

"Haba Baba! Kamar tana hannun mai ita."

Ranar suna aka wayi gari da yayyafi, don damina ce. Bayan an raɗa suna an yanka raguna, Inusa ya shiga zaure ya gwada. Wallahi na ɗauka akuya ce ta maƙale a danga.

"Ba ta da saiti," in ji shi, ya kama kunne ya yi ta murɗawa. Tas! Tsirkiya ta tsinke ta zane shi a kumatu.

"Inusa, ka mai da wa mutum kayansa," na ce.

"Ke me kika sani? Je ki ga tuwo."

Ya ciro wayar birkin tsohon motonsa mai ƙafa biyu ya ɗaura, ya ja ta har wuyan gitar ya yi ƙara. Ya sake kaɗawa. Yanzu akuyar ta zama biyu.

Sai ya buga goshi. "Na gano! Sanyi ne ya kama ta. Ba ki ga masu ganga ba? In damina ta saki fata, wuta suke nuna mata."

"Wannan katako ne, ba fata ba."

"Kayan kiɗa duk uwarsu ɗaya."

A ƙofar gida Manu mahauci ya hura wuta, ya kafa raguna a jikin itace kewaye da ita. Inusa ya je ya jingina gitar Mushe tsakanin rago da rago, har yana juya ta don kowane gefe ya samu. Manu ya ce, "Tela, in sa mata yaji?" Bai kula shi ba. Ya tafi sa babbar riga da baƙin tabarau, ya daɗe gaban madubi.

Bayan azahar jama'a suka cika tabarmi, Mushe a gaba da carbinsa. Inusa ya fito yana taku ɗai-ɗai, ya sungumi gita. Zafi ya sa ya yi ta jefa ta daga hannu zuwa hannu, yana murmushi kamar salo ne. Fentinta ya yi bororo, wuyanta ya lanƙwashe kamar lauje.

"Jama'a, ku buɗe kunnuwanku!"

Ya ɗaga hannu sama ya sauke da ƙarfi. Ashe gam ya narke. Ɗan katakon da ke riƙe tsirkiyoyi ya ɓalle, ya yi tsalle ya fasa masa tabarau, cikin gitar ya buɗe baki, wuyan ya rage a hannunsa shi kaɗai.

Mushe ya miƙe, ya tsince guntayen ɗaya bayan ɗaya cikin rigarsa. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," kawai ya ce. Allah ya yafe mini, hawaye nake yi don dattijon, dariya kuma na cin cikina.

Inusa ya fara sulalewa wajen zaure, ido ɗaya a waje ta hudar tabarau. Sai Manu ya ɗaga wuƙa daga bakin wuta, ya kwaɗa kira kowa na ji:

"Tela, kada ka tafi! Zo duba mana ragon nan, ko ya yi. Kai ka fi mu hannu a gashi."