Ranar da Na Hana a Yi wa Baba Awon Ciki

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai Baba asibiti a nan Ƙaura ba, ko da na so mantawa ma abokaina direbobi ba za su bari ba.

Baba manomi ne a Banga, mutum mai barkwanci. Ana tsakiyar damina hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Hannun ya ƙage ya manne a ƙirji, yatsu a dunƙule, magana sai da ƙyar. Daga baya ma ya daina gwadawa. Gidanmu ya yi shiru kamar an yi ƙaura.

Sai muka ji wata likita ta zo daga Gusau da na'urar duba masu irin ciwonsa. Na bar lodin Shinkafi na ɗauko shi.

Muna shiga ɗakin na gane na'urar. (Na sha raka matata awo, don haka ina ɗaukar kaina rabin likita.) Ga allon, ga man nan mai yauƙi, ga ɗan abin da ake gogawa a ciki. Da likitar ta ce a cire masa riga, sai na sha gaban gadon, na ɗaga murya har masu jira a baranda suka leƙo.

"Likita, tsohon ga namiji na hwa! Wanga inji na masu juna biyu na!"

Likitar ta danne dariya ta ce damtsensa za ta duba. Na'urar tana nuna inda naman ya yi tauri da yawan taurin, don a san inda za a fi ba ƙarfi wurin gashi da motsa jiki. Na ja da baya ina gyara hular da ba ta karkace ba.

Ta shafa man, ta ɗora abin a hannunsa, launuka suka fito a allo. Baba ya ƙura musu ido. Can sai bakinsa ya motsa, kalma ɗaya bayan ɗaya.

"Likita... mace... ko namiji?"

Ya kama dariya da rabin baki, kafaɗarsa ta hagu tana girgiza, hawaye na zuba. Rabona da jin wannan dariyar tun kafin ciwon ya kayar da shi. Kowa na dariya, ni na juya bango ina goge ido.

Hannun ya saki kaɗan, har ya koma riƙe ludayin fura da kansa. Bayan girbin shekarar gaba Allah ya karɓi abinsa. Duk lokacin da na wuce mahaɗar Banga da fasinja, sai ƙafata ta sassauta totur da kanta.

Na dai koyi yin tambaya ƙasa-ƙasa kafin in nuna ilimina. Amma da za a mayar da ni ɗakin nan, wallahi da na ƙara ɗaga muryar.