Ranar da Na Ba 'Yan Hopi Katangarmu

Ba zan taɓa mantawa da Talatar nan ba, ko da na so. Ina shekarar farko ta digiri na biyu a fannin zanen gine-gine a wata jami'a da ke titin Jalan Semarak a Malesiya, kuma ranar ce malamata, wata farfesa 'yar Malesiya mai sanyin murya, za ta yanke ko batun bincikena ya karɓu ko in sake lale. Batun kuwa gidajen gargajiya na Hopi ne, wata ƙabila cikin mutanen asali na Amurka. (Ni da Amurka sai a talabijin.)

Na sha kwat, na hau bayani. Na faɗi yadda suke kafa ƙauyukansu a kan tsaunuka masu shimfiɗaɗɗen kai, gini na dutse da laka, ɗaki bisa ɗaki, a hau da tsani. Na ce gida na mata ne, su ke yaɓe shi, su ke niƙa masara su gasa wata waina mai sirantakar takarda. Duk gaskiya ne. Da nan na tsaya, da na fita da mutuncina.

Sai na saki hoton ƙarshe, wanda na tsinto a intanet ban ko duba shi da kyau ba. Katangar jar ƙasa ce, an shafe ta sumul. Na yi ta zuba: ku dubi hikima, ku dubi yadda laka ke hana zafi shiga. Har na ƙara da cewa mu a Najeriya ba mu da wannan basirar. (Watan da ya wuce na gama matsa wa Baba lamba a rushe zauren kakanmu a sa bulo, wai kada abokaina su ga gidan ƙasa.)

Farfesa ta ce, har da "lah" ɗin nan da 'yan Malesiya ke liƙa wa magana, "Ƙara girmansa lah, akwai rubutu a jiki. Harshen Hopi ne?"

Na ƙara. Da gawayi aka rubuta, manya-manya: AN HANA FITSARI A NAN. Can sama ga indararo, ga zanko.

Sagir, ɗan ajinmu Bakano, ya ɗago daga layin baya. "Oga, fassara mata mana, ai kai ne expert."

Na fassara, gumi na bin bayana duk da sanyin na'ura. Aji ya fashe da dariya. Ita ko murmushi ba ta yi ba, wanda ya fi dariyar ciwo. Ta ce, "Bar 'yan Hopi su huta. Ka rubuta a kan gidan da ka tashi a ciki. Boleh?" Wato "zai yiwu?" a yarensu. Na ce boleh.

Ina fita na kira gida. "Baba, don Allah a dakata da maganar zauren nan."

Ya ce, "Wane zaure? Ai tun Juma'a aka sauke shi, yadda ka ce. Bulon ma ya iso."

Yanzu haka gidajen ƙasa na Hausa nake bincike a kai, kuma hotunansu a intanet nake nema, kamar dai na Hopi. Na koyi darasi: kafin ka yabi katangar wasu, ka ƙara girman hoton, ta yiwu taku ce.