Rasuwar Mai Haƙuri, Kwamfutar da Ta Tafi da Muryar Inna

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Ɗan'azumi, malamin lakwal, wato makarantar boko, a unguwar Birni cikin garin Damagaram, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutata, wadda yaran gida suka laƙaba wa Mai Haƙuri. Ta cika ranar Lahadin da ta wuce bayan la'asar, a kan cinyata, tana tsakiyar aiki.

Marigayiyar ta zo hannuna da tsufanta daga Kasuwar Dole. Ta sha zafin bazara, ta sha ɗaukewar kuran, wato wutar lantarki, ba ta taɓa ƙin tashi ba, ko da yake takan ɗauki lokaci kamar dattijuwa mai ciwon gwiwa. A bara ciwo ya kama ta: fankarta ta soma tari, “ƙirrr, ƙirrr”, cikinta na zafi har sai an yi mata fifita.

A cikinta na ajiye bidiyon da na ɗauki mahaifiyarmu, Inna Balki, a garinmu Zermu, tana ɓarar gyaɗa tana yi wa ƙanwata Sakina sallahu. Sakina na aure a Aljeriya, kuma da Inna ta rasu ba ta samu zuwa ba. Wayar da na ɗauki bidiyon da ita ta daɗe da ɓata, shi kuma ya fi ƙarfin rezonmu na intanet, sau da yawa ina turawa yana tsinkewa. Sai muka shirya kiran bidiyo, in buɗe mata allona mu kalla tare.

Ranar Lahadin na kunna bidiyon. Muryar Inna ta cika ɗakina, ina kallon Sakina a ƙuryar allo tana share hawaye da bakin mayafi, na ɗauka maganar ce ta taɓa ta. Ba ta katse ni ba har ya ƙare.

“Yaya, ban ji komi ba,” in ji ta. “Bakinta kawai na ga yana motsi.”

Ashe akwai wani ɗan gurbi da ake dannawa kafin sautin kwamfuta ya tafi tare da hoto. Na lalubo shi, na danna, na mayar da bidiyon farko. Inna ta ɗago kai ta ce, “Sakina.” Ƙanwata ta amsa, “Na'am, Inna.” Nan take Mai Haƙuri ta yi “ƙit”, allonta ya yi baƙi.

Mahamud mai gyara ya buɗe ta a gabana, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce ma'ajiyarta ce ta ƙone, in yi haƙuri. Na kira Sakina a waya na maimaita mata sallahun da bakina: ta riƙe salla, ta bar yawan fushi, ta kawo yara su ga garinsu. Ta yi godiya, ta ce na faɗa daidai, amma ba haka Inna take jan magana ba.

Marigayiyar ta bar caja guda mai ɗaurin roba a wuya, da jaka mai yagaggen zip, da wani ɗan kile na kwafe fayiloli wanda har yau babu komi a cikinsa.

Ba za a kai ta makwanci ba tukuna. Mahamud ya naɗe ma'ajiyar a ƙyalle, zai tafi da ita Kano wurin wani gwani, amma bai yi mini alkawari ba. Gangar jikin tana kan akwati a ɗakina.

Za a karɓi gaisuwa a zauren gidanmu ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Kada kowa ya wahalar da kansa da goro ko dabino. Roƙona ga mutanen Zermu, duk wanda Inna ta taɓa aika wa saƙon murya, ko na cigiyar akuya ne, ya zo da wayarsa.