Yadda Za Ka Kalli Wasan 'Yarka Ba a Gane Kai Ne Uban Ciki Ba

Kai maigida, idan 'yarka ta gayyace ka kallon wasan kwaikwayon da ta rubuta, bi matakan nan. Na ba ka tabbacin za ka koma gida unguwar Old Airport ta Doha da mutuncinka cif.

1. San mai laifin

Wani Bature ne ɗan Norway, ya rasu tun ba a haifi ubana ba. A da, wasa na sarakuna ne da aljanu, ka yi dariya ka tafi. Shi ya kinkimo falon mutane ya aza a dandamali, 'yan gida su zauna suna tona wa juna asiri, ba waƙa ba ganga. Yaran yanzu duk hannunsa suka ɗauka, har Fausatu tawa.

2. Kada ka ba da aron kujera

Za ta ce, "Baba, irin wannan wasan kayan gaske ake sawa." Ƙi. Ni na bayar, har da hula. 'Yan zangonmu na Doha kuwa ba wanda bai san kujerar nan ba.

3. Zauna can baya

Ɗakin taron unguwar Bin Omran ƙarami ne. Idan Gafaru mai gyaran AC ya fito a matsayin uban, da hularka, yarinyar wasan ta ce tana son koyon tuƙi, ya katse ta da "khalas" irin naka, wato magana ta ƙare, kai dai kalli silin. Mai hankali ba ya rasa abin kallo a silin.

4. Yi sharhi

Ce wa na kusa da kai, "Iyayen zamani sai addu'a." Amma duba, kada na kusan ya zama matarka. Tawa matar, Ajaratu, cewa ta yi, "Alhaji, har tarin naka ya iya."

5. Kame bakinka

Nan manya ke faɗuwa. Wasan ba ya ƙarewa da sulhu. Fitila za a kunna a bar jama'a da gardama: uban ne da laifi ko 'yar? Kada ka miƙe. In ka miƙe, kada ka ɗaga yatsa. In ka ɗaga, kada ka ce "khalas". Tafi za a ɗauka, Absalom ma'aikacin jinya ya ce, "Baba, ka fi Gafaru iyawa. Juma'a mai zuwa kai za ka hau."

Duk abin da ya biyo baya ba ruwana. Mai ƙorafi ya kai Norway. Ni sauri nake, Fausatu na jirana a ƙasa, kuma makullin motar a hannunta yake.